Awa Takwas

Na zauna a bencin baya na wata kotu a Washington,
lakar Louisiana ba ta gama barin takalmina ba.
Sunana Ovide Guidry. Ba wanda ya kira shi.
Shekara sha tara ina hawan turken waya,
ni ke ɗaura batir, ni ke shaƙar hayaƙin janareto.

Dokar gajeriya ce, ko yaro zai haddace:
in wuta ta ɗauke, turke ya rayu awa takwas.
Shi ke nan.
Amma takardun da aka tara a kanta sun kai gwiwata.

Lauyan kamfanoni ya miƙe, ya gyara kwat.
Ya ce hukuma ta wuce gona da iri.
Ya ce an yi aski ba a jiƙa musu kai ba.
Ya ce batir nauyi gare shi,
rufin coci ba zai ɗauka ba,
kuma wane mai gida zai kwana
da tankin mai a saman ɗakin 'ya'yansa?

Abin haushin, bai yi ƙarya ba.
Kafaɗata ta san nauyin nan fiye da bakinsa.
Na taɓa hawa hasumiyar coci da guda biyu,
katako na kuka a ƙarƙashina,
ina ƙirga matakala ina tuba.

Ina ma ya tambaye ni Eulalie Fontenot.

Saba'in da huɗu, mai ɓare jatan lande a bakin gada,
hannunta duk zanen ƙaya.
Daren guguwa ta hau cikin silin
da gatari, da tocila, da tsohon karenta.
Ta kira Lucien, ɗanta, can Houston.
Ta ce ruwa ya ci mataki na shida.
Ta ce, ka gaya musu gidan nan mai shuɗin...

Shuɗin me?
Ƙofa? Taga? Kwalekwalen da ke kife a gefe?
Turken bayan kantin ƙanƙara ya mutu ƙarfe biyu da minti goma.
Ni na ɗaura batirinsa.
Na san awa uku zai yi, awa uku kuwa ya yi,
bai ci amanar kowa ba.
Gida sha ɗaya a layin, kowanne da abinsa shuɗi.
Rana ta huɗu aka kai ga nata.
Karen ne ya amsa.

Alƙalai uku ne. Ta tsakiya ta sauke tabarau:
me ya sa takwas? Me ya hana shida, ko goma?
Lauyan hukuma ya juya shafi, ya kurɓi ruwa.
Ni ma ban sani ba, ranki ya daɗe.
Ruwan kwana tara ya yi a garinmu,
takwas ko ƙafarsa ba ta kama ba.
Na dai san ta ishi tsohuwa
ta kai ƙarshen maganarta.

Aka ce an jingine dokar tukuna.
Jingine.
Kalma mai taushi, kamar tsani a jikin bango,
wanda kowa ke wucewa yana cewa gobe.

A bakin matakala wayar lauyan ta yi ƙara.
'Yarsa ce, na gane daga fuskarsa.
Ya ce, ina jin ki, ina jin ki sarai.
Ban ji haushinsa ba. Na riƙe masa ƙofa.

Yanzu Yuni ya shigo, teku ya fara ɗumi,
kadoji sun fito shan hantsi a kan tsohon titi.
Jiya na kwance batura biyu daga jirgin kamun kifina,
na kai su gindin turken nan da dare,
na ɗora su kan bulo huɗu, na rufe da tamfol.
Ba a rubuce suke a littafin kamfani ba.
In shugabana ya gani, zan sha tambaya.
Na auna su da mita kafin in tafi:
za su ƙara minti hamsin,
in ruwa bai wuce bulon ba.